FILIN MATA: Shin Shuka Tana Jin Kiɗa?

Wata ƙanwata 'yar makaranta ta rubuto mini daga Zariya, ta ce in raba mata gardama da mahaifiyarta. Ta shuka tumatir gindi huɗu cikin tsofaffin bokitai a bayan ɗakin girki, sun yi ganye shar, sun yi fure, amma sai furen ya riƙa zubewa, ba ɗa ko ɗaya. Ana nan sai ta ji wai Turawa sun gano shuka ta fi girma in ana yi mata kiɗa. Ba ta yi wata-wata ba, kullum da la'asar sai ta ɗauki rediyon gidan ta girke shi gaban bokitai. Batir ya ƙare sau biyu cikin wata guda. Inna ta ce in ba taɓuwa ba, ina aka taɓa yi wa tumatir kiɗa sai ka ce amarya? Ita kuwa ta ce ai ilmi ne, don Inna ba ta yi boko ba shi ya sa.

To, ƙanwata, kafin mu taɓa maganar shuka, wannan kalma ta ƙarshe ki janye ta, ki je ki ba Inna haƙuri. Ba a sa mu makaranta don mu zo mu gaya wa iyaye magana ba. Kuma ina jin tsoro a wannan shari'a Inna ta fi ki kusa da gaskiya, ko da ya ke ke ma ba za ki tashi a tutar babu ba.

Ba ke ce ki ka fara wannan tunani ba. Shahararren masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya taɓa sa ɗansa Francis ya zauna kusa da wani tsiro yana busa masa wani dogon abin busa mai zurfin murya, don ya ga ko ganyen zai motsa. Tsiro ya yi biris da su. Daga baya a kudancin Indiya wani malamin ilmin tsirrai na Jami'ar Annamalai, T. C. Singh, ya riƙa sa ana yi wa shuke-shuke kiɗan ƙasarsu, har ya kafa lasifika a gonakin shinkafa. A wajen 1962 ya ce wasu furanni da aka yi wa kiɗa sun fi 'yan'uwansu tsawo da kashi 20 cikin ɗari.

Amma wadda ta fi baza labarin nan a duniya mace ce, matar aure kamar yawancinku, sunanta Dorothy Retallack, a birnin Denver na Amurka. Mawaƙiya ce, sai da girma ya fara kama ta sa'an nan ta koma kwaleji, abin da lalle ya kamata a yaba mata. Can ta zuba shuke-shuke cikin akwatuna, waɗansu ta sa musu kiɗa mai taushi, waɗansu kiɗan samari mai hayaniya da su ke kira rok. A 1973 ta buga littafi, ta ce waɗanda aka sa wa kiɗan Indiya na Ravi Shankar har karkata su ka yi wajen lasifika, waɗanda aka sa wa rok kuwa su ka kau da kai, waɗansu ma su ka mutu. Labari ya yi daɗi, jaridu su ka ɗauka, har a 1976 wani makaɗi ya fito da faifai sukutum domin shuke-shuke.

Sai dai da masana tsirrai su ka duba aikinta su ka ga ramuka. Shukar da ta gwada ba ta da yawa, kuma ba ta tabbatar haske da ruwa da ɗumi sun zo daidai a kowane akwati ba. Ga shi kuma ita da kanta ba ta ƙaunar kiɗan rok, tana ganin shi ke ɓata yaran zamani. Na san uwaye da yawa za su ce ai ta yi gaskiya. Wataƙila. Amma wanda ya shiga gwaji da amsa a aljihunsa, da wuya ya fito da wata dabam.

Abin dariya kuma, a 2004 masu wani shirin talabijin na Amurka da ake kira MythBusters su ka sake gwadawa da wani irin wake a ɗakunan shuka guda 7. Biyu aka riƙa sa musu muryar yabo, biyu muryar zagi, ɗaya kiɗa mai taushi, ɗaya kiɗa mafi hayaniya da su ka samu, ɗaya kuwa shiru. Wanda ya fi kyau shi ne na hayaniyar nan da Dorothy ta ce tana kashe shuka! Wanda aka yaba da wanda aka zaga kuwa duk ɗaya. Su ma aikin nasu ba abin dogara ba ne, gama na'urar ban-ruwansu ta lalace ana tsakiyar gwaji. To, kun gani. Wannan ta ce gabas, wancan ya ce yamma.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya ke tabbatacce. Shuka ba ta da kunne, ba ta da ƙwaƙwalwa, saboda haka ba ta san kalangu da goge ba, balle ta ce wannan ya fi wancan daɗi. Amma sauti girgiza ne. In kin tsaya kusa da tambari ana kaɗawa, a ƙirjinki za ki ji shi. Ki zuba gero kaɗan bisa fatar ganga, a kaɗa wata kusa da ita, za ki ga ƙwayoyin suna rawa. Wannan girgiza kam tana isa jikin ganye da fure, kuma akwai irin wadda shuka ta kan amsa.

A 2014 waɗansu masana biyu na Jami'ar Missouri, Heidi Appel da Rex Cocroft, su ka ɗauki girgizar da ganye ke yi sa'ad da tsutsa ke cinsa, su ka maimaita ta ga wani ɗan tsiro dangin kabeji, ba tare da tsutsar ba. Da aka kawo tsutsa ta gaske daga baya, tsirran da su ka sha wannan girgiza sun fi sauran fid da wani mai mai ɗaci da ke korar ƙwari. Da aka maimaita musu girgizar iska kuwa, ba su kula ba. A 2019 kuma, a Jami'ar Tel Aviv, aka sa wa wani fure rawaya ƙarar ƙudan zuma, cikin minti 3 ruwan da ke cikinsa ya ƙara zaƙi. Da aka sa masa sauti mai tsini, bai canza ba. Ikon Allah ke nan. Abin da shuka ta damu da shi shi ne mai zuwa ya cinye ta da mai zuwa ya taimake ta. Zaɓin waƙa kuwa, sai mu 'yan Adam.

Za ku ce, to, me ya sa shukar mai yi mata waƙa ta kan yi kyau? Ni ma na gani da idona. Kakata tana da gindin barkono da lalle a bakin rijiya, ba ta zuwa wurinsu sai tana 'yar waƙarta, kuma duk unguwa ba wanda ya kai nata. Amma tana waƙar nan hannunta na aiki. Ta tsinke busasshen ganye, ta murje tsutsa, ta tura yatsa cikin ƙasa ta ji ko da laima, ta kori akuya. Haka gangar noma ta ke. In an yi gayya an kira makaɗa, gona ta kan yi kyau ƙwarai, amma kowa ya sani samari ne kiɗan ya shiga jikinsu su ka yi noman kwana uku a yini ɗaya. Dawa ba ta ji komai ba, sai daɗin rabuwa da ciyawa.

Mu koma ga tumatirinki, ƙanwata, gama nan ne rabonki ya ke. Furen tumatir yana da wani gari rawaya a ƙunshe cikinsa, kuma sai garin nan ya zubo bisa tsakiyar furen sa'an nan ɗa ya ƙullu. Ba ya zubowa sosai sai an girgiza furen. A gona iska da ƙwari ke yin wannan aiki. A Turai, inda su ke noman tumatir cikin ɗakunan gilashi, da ma'aikata ke bi da wani ɗan sanda mai lantarki suna taɓa furanni, sai a ƙarshen shekarun 1980 manoman Beljiyam da Holan su ka fara sakin wani babban ƙudan zuma mai gashi, wanda kan kama fure ya girgiza shi da jikinsa. Bayan ɗakin girki kuwa, inda katanga ta tare iska, wa zai girgiza miki? Saboda haka da hantsi, raɓa ta bushe, ki riƙa ɗan ƙwanƙwasa sandan da ki ka tokare shukar da shi, ko ki kaɗa reshen furen da yatsa a hankali. Ba ya cin batir.

Sa'an nan ki duba zafi. In rana ta ƙwalle ta haura kamar digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen ya kan lalace, fure ya zube ko da kin kawo masa makaɗan fada. Shi ya sa manoman Kura da Kadawa ke noman tumatir da sanyin hunturu. Ki matsar da bokitanki inda za su sami ranar safe, su huta da ta azahar. Taki ma in ya yi yawa, musamman na zamani, sai shuka ta yi ta ganye ta manta da 'ya'ya, kuma yadda ki ka kwatanta mini ganyen nan ina zargin hannunki ya yi nauyi. Ki huda gindin bokiti don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ki riƙa ban-ruwa a kan kari, ba yau ambaliya gobe fari ba.

Ku kuma sauran 'yan makaranta, kada ku ɗauki maganata don ni malama ce. Ku gwada. Ku nemi gwangwanin madara 20, ku huda gindinsu, ku cika da ƙasa iri ɗaya, ku shuka wake daga mudu ɗaya. Kowanne ludayin ruwa guda a rana. Goma a yi musu kiɗa awa ɗaya kullum, goma a bar su shiru nesa da inda kiɗan ke kaiwa, kuma ku riƙa musanya musu wuri bayan kwana uku-uku don kada waɗansu su fi samun rana. Bayan mako 3 ku kira wata ƙawarku wadda ba ta san waɗanne aka yi wa kiɗa ba, ita za ta auna da rula ta rubuta. Ku aiko mini da abin da ku ka samu ta hannun Edita, da sunan makarantarku, in Allah ya yarda zan buga a wannan fili. Wadda za ta ɗauki rediyon gida kuwa, ta nemi izni tukuna, kuma ta sayi batir da kuɗin tararta.