Ra'ayinmu: Kada Canjin Wurin Aiki Ya Zama Bulala

A ranar 8 ga Yuni, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. Tun daga lokacin, maganar da ta fi yawa ita ce ta gyaran azuzuwa, sayen kujeru da ɗaukar sababbin malamai. Duk waɗannan abin maraba ne. Sai dai akwai wata ɓaraka da siminti ba ya toshewa, wato siyasar wurin aiki, wadda ke raba malamai gida biyu: 'yan gaban goshi da 'yan bora.

Kowane malami daga Ƙofa zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Riruwai, ya san yadda abin ke tafiya. Ƙaramin saɓani ne zai shiga tsakanin malami da wani babba, ko a kai tsegumi cewa wane ba ɗan jam'iyyar kaza ba ne. Kafin zango ya ƙare, sai ga takardar canji babu dalili a rubuce. A ƙaramar hukuma mai faɗi irin Doguwa, wannan takarda na nufin kuɗin acaɓa da zai cinye kaso mai tsoka na albashi, da fita kafin gari ya waye, da uwa mai shayarwa a kan hanyar da damina ke yankewa. Shi kuwa mai uwa a gindin murhu yana zaune a makarantar bakin titi, ƙarin girmansa na zuwa a kan kari.

Malamin da ya kwana da fargaba ba ya wayar gari da natsuwar tsara darasi. Idan ya ga kuskure a makaranta sai ya ja bakinsa ya yi shiru, domin ya ga abin da ya sami wanda ya yi magana. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma da yawanmu muna tsayawa gaban ninkin haka. Idan aka cire malamin aji ɗaya a tsakiyar zango, yaran da suka fara haɗa baƙi da wasali su ne ke biyan bashin rigimar da ba su san mafarinta ba. Dokar 2022 ta ƙara wa malamai wa'adin aiki zuwa shekara 40 ko cika shekara 65 da haihuwa. Wa zai iya shekara 40 yana aiki yana waiwaye?

Don haka muna kira da a riƙa yin canji a ƙarshen shekarar karatu, da dalili a rubuce, da damar ɗaukaka ƙara. A liƙa jerin waɗanda ƙarin girmansu ya isa a inda kowa zai gani. A naɗa shugaban makaranta bisa cancanta da daɗewa a aiki.

Ga 'yan'uwa malamai kuma, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya kai gulmar abokin aikinsa yau, gobe tasa za a kai. An kafa ƙungiyarmu ta NUT a 1931 domin kada malami ya tsaya shi kaɗai gaban mai iko. Duk wanda ya karɓi takardar canji da bai gamsu da ita ba, ya adana kwafinta, ya kawo ta ofishin reshe kafin ya nemi ƙofar wani ɗan siyasa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya sa albarka a allinmu.