Kada ku ɓamɓare kan sarkin nan daga ambulan

Mu da muka taso a zangon Kumasi muka dawo Abuja, da wuya a rasa gidan da babu tsohuwar adaka cike da wasiƙun 'yan uwa daga Kano ko Sakkwato. Ni dai kan sarkin da ke jikinsu nake tarawa, musamman na namun dajin Nijeriya da aka fara fitarwa a 1965, zanen wani Bafaranshe, Maurice Fievet.

Gane su babu wuya. Giwa tana kan na kwabo, aku na kan na kwabo tara, gauraka sule da taro, raƙumin dawa sule biyar, dorina sule goma, ɓauna fam guda. Muddin ka ga kuɗin sule da kwabo ne, to an buga shi kafin naira ta shigo a 1973.

Inda nake saɓawa da wasu masu tarawa shi ne jiƙa ambulan a ruwa don a ciro kan sarki. Haba! Hatimin gidan waya shi ne rabin labarin, domin shi ke nuna garin da wasiƙar ta fito da ranar da aka jefa ta. Ka ciro shi, ka raba hoton da mai aikowa.

Ga kuma namun kansu. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma yanzu sai a Nijar, wajen Kure da Gadabeji. Gauraka ma ta yi wuyar gani a Arewa. Yaran gidanmu na Nyanya, a jikin wasiƙar kakarsu suka fara ganinta.