Ƙiba Ba Ita Ce Alamar Albarka Ba

'Yan'uwa cikin Kristi, a wurinmu idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce Ubangiji ya buɗa masa, idan amarya ta yi jiki a ce miji ya iya kiwo. Har wasu 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su cika ido. Ya kamata ikkilisiya ta sake duban wannan tunani, gama yana kai mutanenmu kabari tun ƙarfinsu bai ƙare ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Kitsen da ya taru, musamman a ciki, yana jawo hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. Hawan jini kuwa yakan daɗe bai nuna alama ba, sai ranar da mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Ido ba ya auna ƙiba. Ma'aikatan lafiya sukan ninka tsawon mutum a mita da kansa, su raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai hatsari. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 87 ya kai 30. Tef ɗin tela ma ya isa: ƙugun namiji da ya wuce santimita 102, ko na mace da ya wuce 88, gargaɗi ne babba.

Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa Ruhu Mai Tsarki yana zaune a jikin mai bi (1 Korintiyawa 6:19). Mukan kawo wannan aya a kan giya da taba, amma mu yi shiru a kan malmalar tuwo uku da kwalaben lemo a bikin aure, suna da Kirsimati.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa yakan ga sauƙi a jininsa da sukarinsa. A rage lemon kwalba, soye-soye, gishiri da dunƙulen miya, a ƙara wake, zogale, alayyafo da acca. A yi tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Akwai magunguna da tiyata ga masu ƙiba mai tsanani, amma sai da likita. A guji shayin rage tumbi na 'yan talla. Azumi kuma domin neman fuskar Allah ne, kada a mai da shi magani.

Kada kowa ya yi wa mai ƙiba ba'a, domin wani gado ne, wani ciwo ko magani ya jawo masa. Abin da muke roƙo shi ne kowace majami'a ta sayi sikeli da na'urar awon jini, nas-nas ɗinmu su riƙa auna jama'a sau ɗaya a wata bayan sujada. Zumuntar mata ta duba abin da ake dafawa a taronmu, fastoci da dattawa kuma su fara hawa sikelin. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon wannan amana.