TAƊIN AKAWU: ZAƁEN TAYA GA TSOHUWAR MOTA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako, gama takardu uku sun zo mini a kan magana guda, ɗaya daga Roni, ɗaya daga Gwiwa, ɗaya daga Babura, dukansu kuwa a kan taya. Na Roni shi ya fi tsawaita bayani. Ya ce ya sayi tsohuwar Peugeot J5, irin wadda Turawa su ke mayarwa ɗaki, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, suna yawon hutu da ita. Niyyarsa ya riƙa bin kasuwanni da ita, inda dare ya yi masa ya kwana a ciki. Ta zo da tayoyinta huɗu, zanensu raɗau kamar ba su taɓa taka ƙasa ba, amma wani bakanike ya ce ya zubar da su. Shi kuwa yana ganin wannan ɓarnar dukiya ce. Yana tambaya, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, wace iri za ya saya?

To, Malam, bakaniken nan ya so ka da alheri. Ga dalili.

Ita J5 an fara ƙera ta a shekara ta 1981, aka maye gurbinta da Boxer a 1994. Watau ko autarsu ta ba shekara 30 baya. Mota mai ɗaki kuwa ba ta yawan tafiya. A ƙasashen Turai a kan fita da ita mako biyu ko uku lokacin hutu, sa'an nan a ajiye ta sai baɗi. Saboda haka zanen tayarta ba ya cinyewa, amma robar tana tsufa tana bushewa a tsaye, kamar yadda salka ta kan bushe ta tsage in an rataye ta ba a zuba mata ruwa. A cikin taya akwai zare da waya waɗanda a ka manne da roba, su ne ƙashin bayanta. Sa'ad da roba ta bushe sai mannin ya saki, ido kuwa ba ya ganin wannan. Ranar da a ka yi mata lodi a ka hau kwalta da tsakar rana, ran nan za ta faɗi gaskiyarta.

Kowace taya tana ɗauke da shekarunta a jikinta, sai dai mutane ba su karantawa. A duba gefenta, za a ga haruffa DOT, da waɗansu haruffa da lambobi a bayansu. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyu na fari mako, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta cikin mako na 23 na shekara ta 2019, watau farkon watan Yuni. In kuwa lambobin uku ne kaɗai, an yi ta tun kafin shekara ta 2000, ta haura shekara 25, ba ta da sauran amfani sai a yanka ta a yi takalmi ko guga. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda a ka kafa a 1988, tana gargaɗi cewa taya ta ƙare in ta cika shekara 4 daga ranar da a ka yi ta. Kamfanin Michelin kuwa ya ce in ta shekara 5 a riƙa kai ta ga masani yana dubawa kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ni a ganina mutumin ƙasarmu ya kamata ya fi kusantar ƙidayar farko, gama a nan cikin watan Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta.

Kada wani ya ce wannan maganar masu littafi ce. Ran 6 ga watan Maris 2016 ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja tare da matarsa da ɗansa. Binciken hukuma ya nuna tayar baya ce ta yi bindiga, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta yi ta juyawa. Motar nan babbar jif ce. In haka ta sami babbar jif, ina ga tsohuwar J5 mai buhun gero ashirin da mutum goma a bisa?

Yanzu sai zaɓen sabuwa. Abu na fari shi ne girma. A jikin ƙofar direba, ko cikin littafin motar, akwai rubutu mai nuna girman tayar da a ka yi motar dominta. Yawancin J5 suna ɗaukar 185 R14 C, manyansu kuwa 195/75 R16 C. Lamba ta fari faɗin taya ce da milimita. Harafin R yana nufin irin saƙar da Michelin ya yi wa rajista a 1946, wadda zarenta ya ke tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki. Lamba 14 ko 16 faɗin wili ne da inci. Harafin C kuwa, wanda mai saye ya fi mantawa, shi ne ya ke cewa wannan tayar motar kaya ce. A Turai har akwai mai alamar CP, wadda a ka yi musamman domin motoci masu ɗaki, saboda kullum suna tsaye da nauyinsu a kansu.

A nan ne a ke cutar mutane, kuma a nan su ke cutar kansu. Mai taya ya kan ce, “Ai sha huɗu sha huɗu ce, Alhaji,” ya miƙo 185/70 R14 ta ƙaramar mota, mai araha. Lalle za ta shiga wili daidai. Amma a duba lambar da ke bin girman, ita ce ta nauyi. Ta ƙaramar mota a kan ga 88, ma'anarta kilo 560. Ta motar kaya a kan ga 102/100, ma'anar 102 kuwa kilo 850. Mu yi lissafi irin na ofis: huɗu sau 560 ya ba da 2,240, huɗu sau 850 ya ba da 3,400. Bambanci kilo 1,160, watau fiye da buhu 11 na hatsi masu kilo 100. Wanda ya sa ta ƙaramar mota ya rage wa motarsa ƙarfin buhu 11, ga shi kuwa ba ya rage lodi ko da mudu ɗaya. Har wa yau ta ƙaramar motar ta fi gajarta da kamar inci ɗaya da rabi, saboda haka cikin mota ya kan matso ƙasa, agogon gudu kuma ya riƙa yin ƙarya.

Mutumin Roni ya tuna kuma, gado da kabad da tankin ruwa da tukunyar gas duk kaya ne, sun ci rabonsu tun kafin ya ɗora ko ƙyalle. Babbar J5 ma, da ita da abin da ke cikinta, ba a yi ta ta wuce tan uku da rabi ba. Nauyin kuma ba ya rabuwa daidai, ƙafafun baya su su ka fi shan wahala. Harafin da ke bayan lambar nauyi na gudu ne: Q kilomita 160 cikin sa'a, R 170. Wannan iyaka ce ga taya mai cikakkiyar iska wadda ba a wuce nauyinta ba, ba izni ba ne.

Na Gwiwa ya yi tambaya a kan tif. Motarsa tsohuwar a-kori-kura ce mai taya 7.50-16. Amsa ita ce wili shi ke hukunci. Tsohon wili mai zobe, wanda a ke ɓallewa gida biyu, dole sai da tif, iska ba ta zama cikinsa in babu. In an sa sabuwar taya a sa sabon tif, gama tsohon ya riga ya miƙe, ya kan naɗe a ciki ya tsage. Kada kuma a haɗa mai R da mai tsohuwar saƙa a gefe da gefe, ɗaya dama ɗaya hagu, domin ba su lanƙwasa iri ɗaya, mota ta kan ja gefe wajen birki. Wilin da ya yi tsatsa a baki ko ya lotse, a canja shi. Akwai wani tarko kuma ga wanda ya sami tsohuwar mota mai ɗaki ta Amurka. Da yawansu wilinsu inci 16.5 ne. Tayar inci 16 ta kan yi kamar za ta hau, amma in an matsa mata iska sai ta tsinke ta yi bindiga a fuskar mai faci. An yi hasarar rayuka a kan wannan rabin inci. A karanta lambar da ke jikin wili tukuna.

Na Babura shi kuma zancensa na rairayi ne. Ƙasarsu jigawa ce har bakin iyakar Nijar, direbobi kuwa su kan rage iska domin taya ta baje kada ta nutse. Dabara ce mai kyau, muddin ana tafiya sannu. Laifin shi ne a fito daga rairayi a hau kwalta ba a mayar da iskar ba. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, kamar ƙarfen da a ke ta tanƙwasawa da hannu har ya yi zafi ya karye. Kilo 850 ɗin nan da na ambata, taya ba ta ɗaukarsa sai da iskar da a ka rubuta a gefenta, watau 65 a gejin mai faci. In iska ta ragu ƙarfin ya ragu. A auna da safe tun taya tana da sanyi. In an yi tafiya an ga iska ta hau, kada a sace ta, zafi ne ya ɗaga ta, za ta koma da kanta. Mai mota ya sayi gejinsa ya ajiye a aljihun mota, gama buga taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne.

Wajen Kazaure da Roni kuwa duwatsu da tsakuwa su ne abokan gaba, gefen taya su ke yanka. Hujin ƙusa a tsakiyar zane a kan yi masa faci ya zauna lafiya. Amma yanka a gefe, ko ƙulli da ya kumbura kamar ƙwai, zare ne ya tsinke, babu facin da ke warkar da shi.

Saura magana mai nauyi, ta kuɗi. Na san abin da mai karatu za ya ce: “Akawu yana zaune a inuwa yana rubutu, bai san kuɗin sabuwar taya ba.” Na sani. Dā muna da masana'antu biyu manya a ƙasar nan, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya tsai da aiki a 2008. Daga nan kasuwa ta dogara ga ta waje, farashi ya bi canjin kuɗi, talaka ya koma ga ta hannu wadda a ke kira Beljiyam. Ita kuwa tana cikin jerin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su, in banda manya na tirela da a ke kawowa domin a sake musu zane. Ga aibinta: an cire ta ne a wata ƙasa domin mai ita ya gama da ita, ba wanda ya san ramin da ta faɗa. Waɗansu a kan cusa su uku ko huɗu cikin juna domin su shiga kwantena, bakinsu ya lalace. Waɗansu suɗaɗɗu ne a ka sake yanka musu zane da wuƙa mai zafi, a ka shafe su da baƙi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Shawarata ga wanda ƙarfinsa bai kai huɗu ba, ya sayi biyu sababbi iri ɗaya ya sa a baya, ya tara kuɗin sauran, kafin nan ya rage lodi ya rage gudu. Direbobi da yawa za su yi mini gardama su ce gaba ta fi, domin can sitiyari ya ke. Amma masu yin taya sun ce baya, gama in ta gaba ta saki direba yana ji a hannunsa yana iya gyarawa, in ta baya ta saki gindin mota ne ke juyawa, ba abin da hannu za ya riƙe. Sabuwar ma a karanta shekararta a gaban mai kanti, domin taya ta kan tsufa a kan kanta. A karɓi rasit. Zane kuma in ya sauka zuwa milimita 1.6, inda ƙananan tudun nan na cikin kwarin zane su ka yi daidai da sama, kwananta ya ƙare. Safaya ita ma taya ce, a duba shekararta da iskarta, kada a tuna da ita sai a dajin da ba kowa.

In kuwa ƙaddara ta faɗa taya ta yi bindiga ana cikin gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur sannu, kada a taɓa birki sai mota ta lafa, sa'an nan a gangara gefe. Ina roƙon shugabannin tasha na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa su riƙa faɗa wa yaransu wannan, su kuma zaga su duba ƙafafun mota kafin a yi lodi, yadda su ke duba kuɗin kamasho. Fasinja ma yana da ido. Matar da ta ɗauko ƙullin gyaɗarta za ta Kano ba ta san DOT ba, amanarta tana wuyan mai mota.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa takardar da ta zo a kan birki da man birki. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa lafiya. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu, Kazaure.