Sharhi: Hannun Jarin Kamfanonin Sada Zumunta Bai Dace Da Ɗan Koyo Ba

Tun daga wajejen 2019 da 2020, lokacin da manhajoji irin su Bamboo da Trove da Chaka suka buɗe wa 'yan Nijeriya hanyar sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta wayar hannu, wani sabon salo ya shigo tsakanin matasan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa na Babban Birnin Tarayya. Daga ofisoshin Wuse II zuwa rumfunan kasuwar Wuse, mai 'yan kuɗi kaɗan yana iya mallakar ɗan gutsuren hannun jari a birnin New York ba tare da ya je wurin dillali ba. Daga cikin sunayen da suke jan hankalin sababbin shiga kuwa akwai waɗanda suke gani kullum a wayoyinsu, wato Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, da kuma Snap, mai Snapchat. Hujjarsu ita ce kamfanin da duniya duka take amfani da shi ba zai kā da mai jari ba.

Ra'ayin wannan sharhi shi ne hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma irin wannan hannun jari bai kamata ya zama matakin farko na mai koyon zuba jari ba.

Da farko dai, farin jinin kaya daban, farashin hannun jarin kamfanin da ya yi shi daban. A ranar 18 ga Mayu, 2012, Facebook ya fara sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan dala 38 kowane ɗaya. Kafin watan Satumba na shekarar ya ƙare farashin ya sauko ƙasa da dala 18, alhali kuwa masu amfani da dandalin ƙaruwa suke yi. Sai a watan Agusta na 2013 waɗanda suka saya tun farko suka ga uwar kuɗinsu ta dawo. A ranar 26 ga Yuli, 2018, farashin ya faɗi da kashi 19 daga cikin ɗari. A ranar 3 ga Fabrairu, 2022, ya sake faɗuwa da kashi 26 daga cikin ɗari, inda darajar kamfanin ta ragu da kimanin dala miliyan dubu 230 tsakanin safiya da maraice. A ƙarshen 2022, hannun jarin ya yi asarar kashi 64 daga cikin ɗari na darajar da ya shiga shekarar da ita.

Wannan fa babban yaya ke nan. Labarin ƙannen ya fi muni. Snap ya shiga kasuwa a watan Maris na 2017 a kan dala 17, ya haura dala 80 a watan Satumba na 2021, sa'an nan ya ƙare 2022 a ƙasa da dala 10. Kamfanin Trump Media, mai dandalin Truth Social, ya fara ciniki a watan Maris na 2024, ya kusa taɓa dala 80 a ranar farko, duk da cewa kuɗin shigarsa na 2023 bai wuce dala miliyan huɗu da 'yan kai ba. Bayan wata shida farashin ya dawo wajejen dala 12.

Wannan hawa da sauka yana da dalili. Fiye da kashi 95 daga cikin ɗari na kuɗin shigar Meta daga talla yake fitowa, talla kuwa shi ne abin da kamfanoni suke fara zaftarewa idan tattalin arziki ya yi sanyi. Haka kuma waɗannan dandali suna zaune ne a gidan aro, domin sai ta wayoyin da wasu suka ƙera suke isa ga jama'a. Da kamfanin Apple ya canza ƙa'idar bibiyar masu amfani da wayoyinsa a 2021, Meta da kansa ya ce matakin zai rage masa kimanin dala miliyan dubu 10 a 2022. Ga kuma hannun hukuma. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, kuma a watan Yuli na 2024 Hukumar Kula da Gasa da Kare Masu Sayayya ta Tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220. A ƙarshe akwai yayi, wanda ba ya da amana. An sayi MySpace a kan dala miliyan 580 a 2005, aka sayar da shi a kan kimanin dala miliyan 35 a 2011.

Ɗan kasuwar da yake sayen masara a Dawanau da kaka domin ya sayar da bazara shi ma yana cikin kasada, amma ya san abin da yake motsa farashi: ruwan sama, kuɗin taki, kuɗin mota, buɗewa ko rufewar iyaka. Ma'aikacin da ya sayi hannun jarin Snap daga Wuse ba shi da irin wannan sani, kuma ba shi da ta cewa, domin hannun jarin da Snap ya sayar wa jama'a ba ya ɗauke da ƙuri'a ko ɗaya. A Meta ma, Mark Zuckerberg yana riƙe da wani rukunin hannun jari mai ƙuri'a goma kowane ɗaya, wanda ya ba shi rinjaye a kan sauran masu jari.

Mai jari daga Nijeriya yana kuma ɗauke da kaya na biyu wanda Ba'amurke ba ya ɗauke da shi, wato farashin canji. 'Yan canjin Wuse Zon 4 shaidu ne. A ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura Naira 1,800 a kasuwar bayan fage, amma a tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da Naira 1,200. Wanda ya canza kuɗinsa a farashin farko, buƙata ta tilasta masa dawowa a na biyu, ya rasa kashi ɗaya bisa uku ko da hannun jarinsa bai motsa ba. Sai kuma batun doka. A watan Afrilu na 2021 Hukumar Kula da Kasuwar Hannayen Jari, wato SEC, ta yi gargaɗi a kan tallata wa jama'a hannayen jarin ƙetare da ba su da rajista a ƙasar nan, ko da yake a watan Yuni ta ba Chaka lasisi. A watan Agusta na shekarar, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta amince wa Babban Bankin Nijeriya ya rufe asusun wasu daga cikin waɗannan kamfanoni na ɗan lokaci.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Wanda ya sayi Meta a watan Nuwamba na 2022, lokacin da farashi yake wajejen dala 90, ya ga kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku kafin ƙarshen 2023, kuma a watan Fabrairu na 2024 kamfanin ya sanar da cewa zai fara biyan ribar hannun jari. Bugu da ƙari, tun daga Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi farashinta, ajiyar dala ta kāre mutane da yawa daga hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 34 daga cikin ɗari a ƙarshen 2024. Gaskiya ne. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya ci wannan riba shi ne wanda ya iya saye ranar da kowa yake gudu, ko kuwa ya iya zama ya ga Naira 100,000 ta koma 36,000 bai sayar ba. Lissafin a fili yake: abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka kafin ya koma inda yake. Ɗan koyo yakan shigo ne lokacin da labarin riba ya cika gari, wato lokacin tsada, ya kuma fita ranar da mai gida ya aiko neman kuɗin hayar shekara. Idan kuma kariya daga faɗuwar Naira ake nema, ba sai an rataya ta a wuyan kamfani guda ba.

Ƙasar nan ta taɓa ganin irin wannan. Bayan haɗewar bankuna ta 2004 da 2005, malaman makaranta da 'yan fansho da 'yan kasuwa sun yi rububin hannun jarin bankuna, wasu ma da bashi. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, ya dawo wajejen 20,000 bayan shekara guda. Da yawa daga cikinsu ba su sake waiwayar kasuwar ba, kuma asarar amana ta fi asarar kuɗi daɗewa.

To, ina mafita? Mai farawa ya fara da ajiyar da za ta riƙe gidansa na 'yan watanni. Daga nan ya duba abin da ba ya hana barci: takardar lamuni ta masu ƙaramin ƙarfi da Ofishin Kula da Basussuka ya ɓullo da ita a watan Maris na 2017, wadda aka fara da Naira 5,000, ko Sukuk na Gwamnatin Tarayya da aka fara fitarwa a watan Satumba na 2017. Bayan haka sai asusun haɗaka mai rajista da SEC, wanda yake rarraba kuɗi a kamfanoni da yawa. Wanda ya bi waɗannan matakai, ya koyi karanta rahoton riba da asara, babu laifi ya ware ɗan abin da ɓatansa ba zai taɓa tukunyar gida ba ya gwada sa'arsa. Kada ya kasance kuɗin haya, ko na makarantar yara, ko na adashe, balle bashi.

Akwai kuma nauyi a wuyan hukuma da kamfanonin da suke wannan hada-hada. Ya kamata SEC ta tilasta musu bayyana haɗarin kowane hannun jari a sarari kafin a saya, cikin harsunan da jama'a suke ji, har da Hausa. Sauƙin da wayar hannu ta kawo abin maraba ne, amma saye ta sauƙaƙa, ba ta sauƙaƙa sani ba. Wanda bai koyi iyo a gefen gulbi ba, bai kamata ya fara da tsakiyarsa ba.