Manufar Kamfani Ba Ta Cika Sai Ta Kai Ga Mai Ɗaure Noti

Kusan kowace shekara mukan ji wani babban kamfani ko hukumar gwamnati ta kwashi shugabanninta zuwa wani otal, sun yi kwana uku suna shawara, sa'an nan sun fito da kundi mai kyan bango, wanda suka ce shi ne manufar da za a bi har shekara biyar. A buga shi, a raba wa daraktoci, a liƙa taƙaitaccen bayaninsa a bangon ofis. Amma da za ka tare akawu ko direba na wurin ka tambaye shi abin da kundin nan yake bukata daga gare shi, sai ya yi shiru. In wa'adi ya cika ba a ga kome ba, sai a ce ai ma'aikata ne malalata. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, kuma hujjata tana cikin labarin wata masana'antar motoci ta ƙasar Amurka.

A da kamfanin General Motors yana da masana'anta a garin Fremont na jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin kirki. Fashin aiki ya kai kimanin kashi 20 daga cikin 100, har wani lokaci ran Litinin akan rasa isassun mutanen da za a fara aiki da su. Ana shan giya a bakin aiki, rigima kuwa tsakanin ƙungiyar ƙwadago da manajoji ba ta ƙarewa, motocin da ake fitarwa kuma cike da aibu. A cikin 1982 kamfanin ya gaji ya rufe ta.

A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwar General Motors da kamfanin Toyota na Japan, aka danƙa wa Toyota ragamar gudanarwa. Abin lura a nan shi ne, galibin waɗanda aka ɗauka aiki tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa shaidar banza, tare da ƙungiyarsu ta ƙwadago. Cikin ɗan lokaci kaɗan fashin aiki ya faɗo zuwa kashi 2 ko 3, ingancin motocin kuma ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Gini ɗaya, mutane ɗaya. To, mene ne ya sāke?

Na farko, an sauko da manufa daga takarda zuwa hannun ma'aikaci. Manufar Toyota ita ce a ƙera mota daidai tun a karon farko. A da, dokar Fremont ita ce kada a kuskura a tsayar da layin haɗa motoci, ko da an ga aibu, sai a bari ya wuce a gyara daga baya. A sabon tsari kuwa an rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. In ya ga kuskure sai ya ja ta, shugaban rukuninsa ya zo da sauri su gyara, in abin ya faskara layi ya tsaya. Wato ke nan mai ɗaure noti ya san rabonsa cikin manufar kamfani, an kuma ba shi ikon cika shi. An raba mutane ƙananan rukunoni, su ne suke tsara yadda za su yi aikinsu, suna kawo shawarar gyara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, an koyar da su a aikace. An kwashi ɗaruruwan ma'aikata zuwa masana'antar Toyota ta Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. Gani ya kori ji. Da suka komo su ne suka horar da sauran.

Na uku, wanda a ganina shi ne ginshiƙi, shugabanni sun ɗaure kansu da alkawari. An rubuta cikin yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago cewa ba za a sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin kanta tana cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka sai an fara rage albashin manya. A 1988 kasuwa ta faɗi, masana'antar tana aiki da kimanin kashi 60 na ƙarfinta, amma ba a kori kowa ba, sai aka sa mutane koyon aiki da gyare-gyare. Manaja da lebura ɗakin cin abinci ɗaya suke shiga. Ko shakka babu, mutum ba zai nuna maka hanyar da za a rage aiki ba muddin yana tsoron gobe shi za a rage.

Wani zai ce ai sai a kwaikwayi tsarin kurum a huta. General Motors ta gwada haka a masana'antarta ta Van Nuys, abin bai yi armashi ba, aka rufe ta a 1992. Kama da wane ba ta wane. Ina amfanin igiya in manaja, wanda ake auna ƙwazonsa da yawan motocin da suka fita, zai harari duk wanda ya ja ta? Kamfanin ya daɗe ƙwarai kafin darasin ya ratsa sauran sassansa. Ita ma NUMMI an rufe ta a 2010, bayan da General Motors ta janye a 2009 lokacin da ta yi fatara, Tesla ta sayi wurin. Wannan ma darasi ne: sashe ɗaya mai kyau ba ya ceton kamfanin da sauran sassansa suka ƙi motsi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kamfanoninmu da na hukumomi, kafin su sake buga wani kundi, su yi wa kansu tambaya uku. Shin ƙaramin ma'aikaci zai iya faɗin abin da manufar take nema daga gare shi gobe da safe? Shin abin da ake ba da lada da ƙarin girma a kansa ya dace da abin da aka rubuta? Kuma me shugabanni suka yarda su rasa in abubuwa suka yi tsanani? Duk wanda bai iya amsa waɗannan ba, to, kada ya ɗora wa na ƙasa laifi, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Allah ya sa mu gane, mu gyara.