Ruwa Na Ƙasa Sai Ga Wanda Bai Tona Ba: Magana Kan Zaɓen Jami'a

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito a Yawunde, gardama iri ɗaya ce take tashi a gidajen Briqueterie da na Etoudi. Yaro ya ce yana so ya karanta ilimin harsuna, ko yarinya ta ce ita kwatanta adabin al'ummai take so. Sai iyaye su rabu biyu. Waɗansu su ce wannan karatun banza ne, gama ba ya mai da mutum likita ko lauya. Waɗansu su yarda, amma da sharaɗi ɗaya: sai dai a Faransa. Dukansu sun yi kuskure, kuskuren na biyun kuwa ya fi tsada, domin shi ne yake cinye dukiyar gida.

Masu cewa karatun banza ne, ya kamata su dubi littafin da suke riƙewa ran Lahadi. Wa ya sa shi cikin Hausa? J. F. Schön, ɗan mishan na CMS, ya zauna da wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu yana rubuta maganarsa, ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ci gaba har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Bayan shekara biyu babban ƙamus na Bargery ya fito. Duk wannan aikin ilimin harshe ne. Abin takaici, sunayen da ke bisa bangon littattafan nan na Turawa ne, masu harshen kuwa mataimaka aka mai da su. Uban da ya hana ɗansa wannan ilimi ya yarda ke nan a ci gaba da haka. Batun abin sawa a baka kuma, BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, Rediyo Faransa tun 2007, makarantu suna neman malamai, kotu da asibiti suna neman tafinta.

To, sai masu cewa Faransa ko a fasa. A 1993 aka sa kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa dubu 50 a shekara. A 2019 gwamnatin Faransa ta ɗora wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara don digirin farko, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da 'yan kai, ko da yake waɗansu jami'o'i sun yafe wa ɗalibansu. Ba a ma zo kan kuɗin jirgi da haya da abinci ba. Uban da ke sana'ar nama a Etoudi, ko uwar da ke sayar da yadi a Briqueterie, sai su tattara jarin gida dukansa su aika da yaro ɗan shekara goma sha takwas inda sai ya yi da gaske kafin ya ji mai magana da harshen da ya tafi nazari.

Gama ilimin harshe da kunne ake fara shi. Bahaushe yana cewa kuka na hawaye, yana cewa kuka ta miya, rubutu ɗaya ne amma tashi da saukar murya ya raba su. Yana cewa gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ya raba su. Ɗalibin da zai gane irin wannan a harshen da ba nasa ba, tilas ya zauna da masu harshen, ya saurara, ya rubuta, ya koma ya sake tambaya. Kamaru kuwa tana da harsuna fiye da 250. Cikinsu akwai dangin Hausa na jini, waɗanda masana suke kira harsunan Cadi: Mafa, Masa, Musgu, Kotoko, Wandala, Giziga, duk a Arewa Mai Nisa. Masana daga Hambug da Faris da Amurka sun yi ta biyan kuɗin jirgi su zo duwatsun Mandara domin harsunan nan. Yaron Briqueterie mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, wataƙila har da ɗan Ewondo na kasuwa, ya riga su da tafiyar shekaru, amma iyayensa suna ganin ba shi da kome sai ya haye teku.

Jami'ar Yawunde, wadda aka kafa a 1962 aka raba ta biyu a 1993, tana da sashen harsunan Afirka da ilimin harshe a Ngoa-Ekelle, tafiyar tasi ɗaya daga Briqueterie. Malamanta Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo ne suka tsara haruffan bai ɗaya na rubuta harsunan Kamaru, waɗanda aka amince da su a 1979. Tadadjeu ne kuma ya fara shirin PROPELCA a 1981, na koya wa yara karatu da harshen uwa kafin harshen gwamnati. Ƙungiyar SIL da ƙungiyar CABTAL mai fassarar Littafi Mai Tsarki da yaƙi da jahilci, dukansu a Yawunde suke. Wanda yake so ya kusanci harsunan Cadi kuma, ga jami'ar Marwa da aka kafa a 2008.

Haka batun kwatanta adabi. Mai wannan karatu ba zai yi nisa ba sai yana karanta littattafai cikin harshensu na asali. A 1932 Jean-Louis Njemba Medou ya rubuta Nnanga Kon da harshen Bulu. A 1933 Rupert East ya shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar a Zariya. Ga tambayar da ta isa digiri: me ya sa ƙagaggen labari ya tsiro a harsunan nan biyu kusan lokaci ɗaya, ɗaya a inuwar mishan, ɗaya a inuwar gwamnatin Ingila? Ko a ɗauki Magana Jari Ce, inda Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus ya sa musu rigar Hausa. Ko a jera Mongo Beti da Ferdinand Oyono da Djaïli Amadou Amal ta Marwa tare da marubuta mata na Kano. Wanda ya san Faransanci kaɗai rabin aikin zai iya.

Idan kuwa Hausa ce kanta ɗalibi yake so ya zurfafa, hanya ta nufi Nijeriya. A Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ana karanta Hausa da Hausa har digiri na uku. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Kano tana aiki tun 1969. Waɗansu masu bi sukan ce nazarin Hausa na Musulmi ne. Wannan magana ba ta da tushe. Kiristoci Hausawa suna zaune a Wusasa tun zamanin Likita Miller, ikkilisiyoyi kuma daga Jos har Garwa da Hausa suke waƙa da wa'azi. Harshe na mai magana da shi ne.

Masu son Faransa suna da hujja, bai kamata a ɓoye ta ba. Ɗakunan karatu a Ngoa-Ekelle cike suke maƙil, littattafai ba su wadata ba. A Nijeriya malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara a 2020, na wata takwas a 2022. Ɗan makarantar Faransanci kuma sai ya gyara Ingilishinsa kafin ya haye iyaka. Makarantu irin su INALCO ta Faris da SOAS ta Landan suna da laburaren da babu kamarsa a nan. Amma wannan hujja ce ta lokacin tafiya. Wanda ya gama digirin farko a gida, ya tara kalmomi da tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, idan ya tafi don digiri na biyu ko na uku yana tafe da kayan da su can ba su da shi, shi ne kuma ya fi kusa da samun tallafin karatu. Wanda ya tafi hannu wofi zai biya kuɗi ne a karanta masa labarin ƙasarsa.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, iyaye da ɗalibi su bar sunan jami'a su tambayi sashen. Su wane ne malamai, me suka rubuta, a kan wane harshe? Ana aika ɗalibai ƙauye su yi bincike, ko a aji ake ƙarewa? Adabin da ake kwatantawa ya haɗa da na harsunan Afirka, ko na Turai ne kaɗai? Waɗanda suka gama, ina suke aiki? Fastoci da dattawan ikkilisiya, waɗanda iyaye suke zuwa wurinsu neman shawara, su ma ya wajaba su san tambayoyin nan, gama har yanzu akwai harsuna da yawa a Kamaru da ba su da cikakken Littafi Mai Tsarki, masu fassara shi kuwa daga cikin yaran nan za su fito.